Yadda Ake Auna Ƙungiyar Ƙwallon Jami'a Da Ke Shan Kashi Ta Hanyar Alƙaluma

Ƙwallon da jami'o'in Amurka ke bugawa, wadda ake runguma a ruga da ita ko a jefa, mai kama da zari-ruga, kakarta gajeriya ce ƙwarai. Wasa 12 kacal kowace ƙungiya ke yi daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma sai ta ci shida kafin a gayyace ta wasan ƙarshen shekara. A wasa 12, bugu ɗaya da ya kauce ko ƙwallo ɗaya da ta suɓuce na iya sauya fuskar kaka gaba ɗaya. Shi ya sa idan aka ce maka wata ƙungiya ta ci uku ta sha kashi a tara, an dai gaya maka ba ta da lafiya, amma ba a gaya maka ciwon da ke damunta ba. Aikinmu a nan shi ne gano ciwon, domin a kansa ake korar koci, a zagi yaron da bai wuce shekara ashirin ba, sau da yawa kuma ba shi ne mai laifin ba.

Zan yi ta komawa kan ƙungiyar Jami'ar Nebraska ta shekarar 2021, ƙarƙashin koci Scott Frost, don ban san wani misali da ya fi ta koyar da mai koyo ba.

Ga ɗan abin da kake buƙata daga dokokin wasan. Filin yadi 100 ne. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi 10. In ta ci, a sabunta mata huɗun. In ta kai ƙwallo ƙarshen fili ta yi babban ci, maki 6 ke nan, sannan ta ƙara 1 da bugun ƙari, ko 2 in ta sake kai ƙwallon ƙarshen fili a yunƙuri ɗaya. In ta buga ta tsakanin sanduna daga nesa ta yi ƙaramin ci, maki 3. In ta ga ba za ta kai ba, sai ta yi bugun sallama, wato ta dankara ƙwallon nesa ga abokan hamayya. Daga karɓar ƙwallo zuwa rabuwa da ita shi zan riƙa kira hari ɗaya. Wasan zango huɗu ne, kowanne minti 15.

Kayan aiki

Kana buƙatar takardar sakamakon kowane wasa, da jerin yunƙuri bi da bi, wanda ke nuna abin da ya faru a kowane yunƙuri tun daga busa har tashi. Duka biyun suna nan kyauta a shafin tashar wasanni ta ESPN da shafin wasanni na ita jami'ar. Don kwatanta ƙungiyarka da sauran, Sports Reference da shafin alƙaluma na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sun isa. Sai manhajar lissafi irin Excel ko Google Sheets. In babu kwamfuta, littafi mai layi, biro launi biyu da kalkuletar waya za su yi, sai dai ka rage buri: ɗauki wasa huɗu ko biyar, ka zaɓi waɗanda aka kara da sa'o'i. Bidiyon wasa ba dole ba ne, amma in data ta samu, ajiye ta don mataki na shida.

Mataki na 1: Jera wasannin, ka haɗa maki

Kowane wasa layi ɗaya: abokin karawa, gida ko waje, makin da aka ci, makin da aka sha, da ratar da ke tsakani. Duk wasan da ratarsa ba ta wuce maki 8 ba, yi masa alama da jan biro, domin hari ɗaya zai iya rufe wannan rata.

Nebraska a 2021 ta ci maki 335, aka ci ta 272. Ƙungiyar da ta sha kashi sau tara ta fi abokan karawarta da maki 63 a jimilla. A cikin rukuninta na Big Ten ta ci wasa ɗaya ta faɗi takwas, amma maki 239 ta ci, 239 aka ci ta. Duk kashin taran babu wanda ratarsa ta kai maki 10, takwas daga ciki masu jan biro ne.

Yanzu ka fitar da nasarar da makin ya kamata ya haifar. Ninka makin da aka ci da kansa, ninka wanda aka sha da kansa, ka haɗa su, sannan ka raba na farkon da jimillar. Ga Nebraska: 112,225 a raba da 186,209, ya ba da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Kashi 60 na wasa 12 ya haura bakwai kaɗan. Ƙungiyar da ya kamata ta ci bakwai ta ci uku. Idan ratar da ke tsakanin lissafi da zahiri ta kai wasa biyu, akwai abin bincike. Idan ba ta kai ɗaya ba, to teburin gaskiya ya faɗa, sai ka nemi inda raunin yake.

Mataki na 2: Tsame abin da ke kumbura lissafi

A nan masu koyo suka fi yin tuntuɓe, su ɗauki wancan bakwai ɗin su tafi da shi. Manyan jami'o'i kan biya ƙananan makarantu kuɗi su zo a lallasa su a farkon kaka. Nebraska ta ci Fordham, wadda ke matakin ƙasa, da ci 52 da 7. Cire wannan wasa, sai maki ya koma 283 da 265 a wasa 11, lissafin kuma ya sauko kusan shida. Sannan daidaiton nan na 239 da 239 ya rataya ne kan dare ɗaya, ranar da ta ci Northwestern 56 da 7, ita ma Northwestern ɗin uku ta ci a kakar. Ba wai ka share irin waɗannan wasanni ne ba. Ka yi lissafi biyu, da su da kuma babu su, ka rubuta duka.

Abu na biyu da za ka tsame shi ne mataccen lokaci, wato bayan an riga an san mai nasara, an fitar da manyan 'yan wasa, masu tsaro sun ja baya suna barin gajerun jifa don agogo ya ci. Ƙungiya mai rauni takan tara yadi da yawa a irin wannan lokaci, sai takardar sakamako ta fito kamar an yi kare jini biri jini. Ƙa'idar da nake bi: in rata ta wuce maki 28 a zango na uku, ko 21 a na huɗu, na daina ƙidaya. Kana iya sa naka ma'aunin, muddin ba za ka sauya shi daga wasa zuwa wasa ba. In ba ka da jerin yunƙuri, duba makin zango-zango a takardar sakamako, ka yi alama a wasan da ya mutu tun kafin hutun rabin lokaci, ka rage masa nauyi a hukuncinka.

Mataki na 3: Yadi nawa a kowane yunƙuri

Kada ka yi amfani da jimillar yadin wasa. Wata ƙungiya tana sauri, ta yi yunƙuri 80; wata tana jan ƙafa da gangan, ta yi 58. Misali, mai yadi 400 a yunƙuri 80 biyar-biyar take ci, mai yadi 370 a yunƙuri 58 kuwa ta haura shida. Ta biyun ta fi iya hari nesa ba kusa ba. Haka kuma tun 2023 aka daina tsayar da agogo bayan kowane cin yadi 10, sai a minti biyun ƙarshe na kowane rabi, don haka jimillar yadin bana ba ta kwatantu kai-tsaye da ta shekarun baya.

Raba yadi da yawan yunƙuri, na ƙungiyarka da na abokan karawarta a kanta, ka debe na biyu daga na farko. In sakamakon ya faɗi ƙasa da sifili da yadi ɗaya ko fiye, an fi ƙarfin ƙungiyar ne a fili, ba sai an nemo wani dalili mai nisa ba. In yana kusa da sifili ko sama amma ana ta shan kashi, ciwon yana matakan gaba.

Gargaɗi mai muhimmanci: a alƙaluman jami'o'i, idan aka kayar da mai jifa kafin ya saki ƙwallo, yadin da aka rasa ana cire shi ne daga yadin gudu, saɓanin yadda ake yi a gasar ƙwararru ta NFL. Wannan kan sa a zargi masu gudu da ƙwallo alhali laifin na masu kare mai jifa ne. Ka ɗauke waɗannan yunƙurai da yadinsu daga ɓangaren gudu ka mayar ɓangaren jifa, sannan ka sake rabawa. Na sha ganin hukunci ya juye gaba ɗaya bayan wannan gyara kaɗai.

Mataki na 4: Yunƙurin da ya biya buƙata

Matsakaicin yadi yana da nasa ruɗin. Gudu ɗaya na yadi 70 da tara na sifili sun ba da bakwai-bakwai, alhali sau tara ba a motsa ba. Maganinsa shi ne ma'aunin da marubucin alƙaluma Bill Connelly ya yaɗa. Yunƙuri na farko ya biya buƙata in ya ci rabin yadin da ake nema, na biyu in ya ci kashi 70 cikin ɗari, na uku da na huɗu sai sun ci duka. Bi jerin yunƙuri, ka sa wa kowanne 1 ko 0, ka fitar da kaso. Matsakaiciyar ƙungiya takan tsaya ɗan sama da kashi 40. Wadda ke yawo a talatin da 'yan kai tana cikin wahala, kuma irin wannan wahala ba ta gyaruwa cikin mako guda.

A gefe kuma ka ƙidaya yunƙuran da suka ci yadi 20 ko fiye, naka da na abokan karawa. Ƙungiya mai kaso mai kyau amma babu manyan yunƙurai tana buƙatar yunƙuri goma sha biyu marasa kuskure kafin ta ci, yaran jami'a kuwa ba su cika yin goma sha biyu babu kuskure ba.

Wannan mataki shi ne mai cin lokaci. In ba za ka iya ba, ɗauki kason nasara a yunƙuri na uku daga takardar sakamako, amma ka haɗa da tambayar yadi nawa ake nema a lokacin. Wanda kullum ke fuskantar yadi 9 a yunƙuri na uku, matsalarsa tana na farko da na biyu.

Mataki na 5: Maki nawa ake kwasowa in an matso

Ƙidaya duk harin da ya samu sabon yunƙurin farko a cikin yadi 40 na abokan hamayya, ka raba makin da aka ci a waɗannan hare-hare da yawansu. Babban ci da bugunsa 7 ne, ƙarami 3, don haka ƙungiyar da ke samun ƙasa da 4 tana yawan tashi da ƙaramin ci ko hannu rabbana. Kada kason da talabijin ke nunawa na cin maki a cikin yadi 20 ya ruɗe ka, domin yana ɗaukar 3 da 7 a matsayin abu ɗaya.

Mataki na 6: Daga ina hari ke farawa, kuma me 'yan bugu ke yi

Ga inda nake so ka daɗe. Rubuta layin da kowane hari ya fara, naka da nasu, ka fitar da matsakaici. Ƙungiya kan samu hari goma sha ɗaya zuwa goma sha uku a wasa. In abokan karawa na fara nasu yadi biyar gaba da naka, an ba su kusan yadi 60 kyauta, kuma ba za ka ga wannan a jimillar yadi ba ko kaɗan.

Sannan buɗe wani shafi daban don rukunin 'yan bugu: ƙaramin cin da ya kauce, bugun ƙari da aka tare, bugun sallama da aka tare ko aka dawo da shi, ka rubuta makin da kowanne ya jawo.

Dubi abin da wannan shafi ya nuna a Nebraska. A wasanta da Oklahoma ta zubar da ƙaramin ci biyu, aka tare mata bugun ƙari, aka ruga da shi har ƙarshen fili aka samu maki 2. Shida da ɗaya da biyu, tara ke nan, a wasan da aka tashi 23 da 16. A gidan Michigan State, masu tsaron Nebraska sun hana su cin yadi 10 ko sau ɗaya a duk rabin lokaci na biyu, tana gaba da maki bakwai, saura ƙasa da minti huɗu, sai bugun sallama ya tafi ɓangaren da babu masu tarewa, Jayden Reed ya dawo da shi yadi 62 ya farke. A ƙarin lokaci aka ci ta 23 da 20. A wasan rufe kaka tana gaban Iowa da 21 da 9 a farkon zango na huɗu, aka tare mata bugun sallama aka mayar da shi babban ci, daga nan komai ya rushe, aka tashi 28 da 21. Wasa uku ke nan daga cikin tara, kuma a cikinsu ba a fi ƙarfin masu hari ko masu tsaro ba. Duk wanda ya tsaya a mataki na uku ba zai taɓa ganin wannan ba.

Don ka ga nauyin abin ta ɗaya fuskar, ɗauki Iowa ta 2023. Ita ce ta ƙarshe a yawan yadi a duk babban matakin gasar jami'o'i, amma ta ci wasa goma, saboda tsaro mai ƙarfi da ƙafar Tory Taylor, ɗan Ostireliya, wanda ya lashe kyautar gwanin bugun sallama ta shekarar. Yana tura abokan hamayya can ƙuryar filinsu, su yi ta fama da doguwar tafiya.

In kana da data, yanzu ne lokacin kallon bidiyon waɗannan bugun. Alƙalami zai ce an tare bugu. Ido ne zai nuna maka ko mai bugun ne ya yi jinkiri ko wani ne bai tare mutuminsa ba.

Mataki na 7: Asarar ƙwallo, ka raba sakaci da sa'a

Kada ka tsaya kan yawan ƙwallon da aka rasa. Ƙidaya sau nawa ta suɓuce ƙasa, taka da tasu, da sau nawa kowa ya tsinta. Sakin ƙwallo sakaci ne da ake iya gyarawa a atisaye, amma wanda zai tsince ta bayan ta faɗi kusan rabi da rabi ne, domin ƙwallon ba zagayayya ba ce, inda ta ga dama take tsalle. Misali, in ta faɗi sau 20 a kaka ƙungiyarka ta tsinci 6, an yi mata rashin sa'a na kusan huɗu, kuma ba lallai hakan ya maimaitu baɗi ba.

Jifan da abokan hamayya suka cafke kuwa sai ka duba lokacinsa. Wanda aka cafke a daƙiƙar ƙarshe ana bin bashin maki 14 bai kai nauyin wanda aka cafke a zango na biyu ana kunnen doki ba. Adrian Martinez, mai jifan Nebraska, an cafke masa huɗu a wasan Purdue da aka tashi 28 da 23. Wannan ba batun sa'a ba ne. A wasan Michigan kuma ƙwallo ta suɓuce masa ana 29 da 29 dab da tashi, suka yi ƙaramin ci suka tafi da wasan. Rubuta kowanne da mintinsa da makin da ake a lokacin.

Mataki na 8: Da su wa aka kara

A gaban kowane abokin karawa rubuta yadda ya gama kakarsa. Michigan ta ci 12 a 2021, ta lashe Big Ten. Oklahoma, Ohio State da Michigan State kowacce 11, Iowa 10, Wisconsin, Minnesota da Purdue tara-tara. Takwas daga cikin tara da suka doke Nebraska sun ci wasa tara ko fiye. Illinois ce kaɗai ta gama a ƙasa. Ka kwatanta da Kent State ta 2024, wadda ba ta ci ko ɗaya cikin 12 ba, Tennessee ta ci ta 71 da nema, Penn State 56 da nema. Nebraska da Kent State duka a teburi masu shan kashi ne, amma babu abin da ya haɗa su.

In a tsakiyar kaka kake aikin, kada ka dogara da teburin abokan karawa, don bai nuna ba tukuna. Yi amfani da jerin ƙarfi irin SP+ ko FPI na ESPN, waɗanda ke gyara lissafi bisa nauyin abokin karawa. Kuma kafin wasa biyar ko shida, duk abin da ka samu ka riƙe shi a matsayin zato.

Mataki na 9: Waiwayi shekarun baya, sannan ka yanke hukunci

Bayan duk wannan, zuciya za ta so ta ce Nebraska rashin sa'a ce kawai ta same ta. Kada ka yi gaggawa. A ƙa'ida, wasannin jan biro kan rabu kusan rabi da rabi in an tara su da yawa, don haka kaka ɗaya ta faɗuwa a cikinsu ana iya jingina ta ga sa'a. Amma ka koma baya shekara uku ko huɗu ƙarƙashin koci ɗaya ka ƙidaya. Frost ya bar Nebraska da nasara 16 da kashi 31, kuma a wasannin da ratarsu ba ta wuce hari ɗaya ba ya ci 5 ya faɗi 22. Sa'a ba ta bin mutum ɗaya shekara biyar ta hanya ɗaya. Idan shafin 'yan bugu da na asarar ƙwallo suna cika kowace shekara, sun zama ɗabi'ar ƙungiyar, kuma ɗabi'a a wuyan masu horarwa take.

Jami'ar ta ba shi wata kaka bayan 2021, bisa hujjar da ta yi kama da matakanmu na farko, aka rage masa albashi, ya sallami mataimaka huɗu na ɓangaren hari. Kakar 2022 ta buɗe da kashi 31 da 28 a hannun Northwestern a birnin Dublin, wanda shi ne kaɗai wasan da Northwestern ta ci a shekarar. Mako biyu bayan haka Georgia Southern ta zo har Lincoln, birnin da jami'ar Nebraska take, ta ci 45 da 42, washegari aka kore shi.

Hukuncinka kada ya wuce sakin layi ɗaya, kuma ya amsa abu uku da lamba a gaban kowanne. Shin an fi ƙarfin ƙungiyar yunƙuri bayan yunƙuri, bisa mataki na uku da na huɗu? In ba a fi ba, a ina makin ke zubewa, a kammala hari, a wurin 'yan bugu, ko a asarar ƙwallo? Kuma zubewar ta bana ce kaɗai ko ta daɗe? Ga Nebraska ta 2021 nawa hukuncin shi ne: ƙungiya ce mai ƙarfin cin wasa shida ko bakwai, ta haɗu da jadawali mai tsanani, 'yan bugunta sun jawo mata aƙalla kashi uku, kuma matsalar ta girmi kakar. Rubuta kwanan wata a ƙasan naka, ka ajiye shafukan, bayan wasa uku masu zuwa ka ƙara sababbin layuka ka sake lissafin daga mataki na biyu.